Dalambar, yaron da aka tsinta, da lissafin tsirkiya

1. Tambayar mai gurumi

Yara, kun sha ganin mai gurumi ranar kasuwa ko wurin biki. Yakan ja tsirkiya da yatsa, ya saki, sai murya ta fito. In ya danne tsirkiyar ya rage tsawonta, murya ta siranta. In ya sassauta ta, murya ta yi kauri. Haka mai goge yake yi da izgarsa, haka mai molo, haka mai kuntigi. Makaɗanmu sun san wannan tun kaka da kakanni. Da kunne da yatsa suka san shi.

To, ga wata tambaya. Daga lokacin da yatsa ya saki tsirkiya, ina kowane ɗan yanki nata yake zuwa? Bayan ƙiftawar ido ɗaya, tsakiyarta tana sama ko tana ƙasa? Ido ba ya iya bin ta, don ta fi shi sauri. Mutumin da ya fara ba da amsa ta hanyar lissafi wani Bafaranshe ne, a shekara ta 1747. Sunansa Dalambar. Da faransanci ana rubuta shi Jean le Rond d'Alembert. Ga labarinsa.

2. Jariri a ƙofar majami'a

An haifi Dalambar a birnin Pari ran 16 ga watan Nuwamba 1717. Watan sanyi ne a ƙasar Faransa. Uwarsa, Madam Tansan, babbar mace ce, manyan gari da masana suna taruwa gidanta. Ubansa kuwa, a faɗar galibin masu tarihi, wani hafsan soja ne mai kula da igwa, sunansa Detush. Ba su yi aure ba. Lokacin haihuwar uban ba ya ƙasar. Uwar ba ta so a sani, sai aka sa jaririn cikin akwatin katako, aka ajiye a matakalar wata ƙaramar majami'a.

Sunan majami'ar San Jan Laron. Jan shi ne Yahaya a bakin Faransawa. Laron kuwa ma'anarsa mai kewaye, don ginin farko na majami'ar kewayayye ne kamar rumbu. Da aka tsinci yaron ba wanda ya san sunan gidansu, sai aka raɗa masa sunan wurin da aka same shi. Aka kai shi gidan da ake renon yaran da aka yar.

Da uban ya komo daga tafiya, ya bi sawu har ya gano yaron. Bai fito fili ya ce ɗansa ne ba, amma ya nemo masa mai reno. Ya danƙa shi hannun wata talaka, Madam Ruso, matar wani mai sa gilashin taga. Yaron ƙarami ne, ba ƙarfi gare shi ba. Matar nan ta riƙe shi tare da ƴaƴanta, ta yi ta fama har ya rayu. Uwar da ta haife shi ba ta taɓa karɓarsa a gaban mutane ba, har ta mutu a 1749.

Don ku gane zamanin, ku tuna da tarihin ƙasarmu. Wajen 1721 ne Agabba ya baro sarautar Agadas ya zo ya zauna a Adar. A lokacin Dalambar yana ɗan shekara huɗu, yana wasa cikin shagon mai gilashi.

3. Makaranta

Uban ya biya masa kuɗin makaranta. Ya mutu a 1726, yaron yana da shekara takwas. Ya bar masa kuɗin Faransa na wancan zamani, libar 1200 kowace shekara. Kuɗin ba na arziki ba ne, amma sun ishi mutum ci da sutura in ba shi da almubazzaranci.

Yana ɗan shekara 12 ya shiga wata babbar makaranta ta Pari, Makarantar Al'ummai Huɗu. Ya gama a 1735. Daga nan ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1738, amma bai yi aikin ba. Ya soma karatun likita, don aikin likita yana kawo kuɗi. Zuciyarsa kuwa tana wajen lissafi. Ana ba da labari cewa ya kwashe littattafansa na lissafi ya kai ajiya gidan abokinsa, don kada su raba masa hankali. Yau ya je ya aro ɗaya, gobe ya aro wani. Kafin shekara ta kewayo duk sun komo ɗakinsa. Sai ya bar karatun likita. A waɗannan shekaru ne ya ɗauki sunan Dalambar.

Yawancin lissafin da ya sani shi ya koya wa kansa. Yakan je ɗakin karatu na gari, ya karanta littafi, ya komo gida ya sake gina hujjojin da kansa. A watan Yuli 1739 ya aika wa Majalisar Masana Kimiyya ta Pari takardarsa ta fari. Cikinta ya nuna kurakuran da ke cikin wani littafin lissafi wanda malamai suke koyarwa da shi. A 1741 majalisar ta ɗauke shi, yana da shekara 23. A 1743 ya fitar da littafi a kan motsin abubuwa da ƙarfin da ke motsa su. A 1746 Majalisar Masana ta Barlin, a ƙasar Jamus ta yanzu, ta sa gasa a kan dalilin da ke kawo iska. Dalambar ya ci.

Duk wannan lokaci yana nan cikin ƙaramin ɗakinsa gidan Madam Ruso. An ce ita tausayinsa take ji, tana ganin yana wahalar da kansa kan takardu a banza. Shi kuwa bai taɓa jin kunyar gidan ba.

4. Abin da aka sani kafinsa

Masana sun daɗe suna sauraren tsirkiya. A 1636 wani malami Bafaranshe, Marsan, ya auna ya tabbatar da abu uku. In aka rage tsawon tsirkiya ya koma rabi, kaɗawarta tana ninkawa biyu. In aka ƙara ɗaurinta har sau huɗu, kaɗawarta tana ninkawa biyu. Tsirkiya mai nauyi kuma ta fi maras nauyi jinkiri. A 1687 Niyuton, mutumin Ingila, ya bayyana dokar motsi: gwargwadon ƙarfin da ya ja abu, gwargwadon yadda gudunsa yake canzawa.

Dokar Niyuton tana da sauƙi in abu ɗaya ne, kamar dutsen da aka jefa. Tsirkiya kuwa kowane ɗan yanki nata yana nasa motsi, kuma kowane yana jan maƙwabcinsa. Nan wuyar take.

5. Dabarar Dalambar

Mu bar tsirkiya tukuna, don ta cika sauri. Mu ɗauki igiyar guga mai tsawo, mu ɗaura ta tsakanin itace biyu, ta miƙe sosai. Igiyar nan tsirkiya ce babba.

Dalambar ya dubi ɗan yanki guda na igiyar. Yankin hagu yana jansa, yankin dama yana jansa. In igiya tana miƙe a wurin, jan biyu sun yi daidai, ba wanda ya rinjayi wani. In ta lanƙwasa a wurin, jan biyu sukan haɗa kai su tura yankin wajen cikin lanƙwasar, don igiya ta miƙe. In lanƙwasa ta yi yawa, turin ya yi yawa. Ya haɗa wannan da dokar Niyuton, ya rubuta shi cikin layi ɗaya na lissafi. Layin yana cewa: canjin gudun kowane yanki yana bin gwargwadon lanƙwasar igiya a wurin. Shi ne muke kira daidaiton kaɗawa. Sabon abu ne a lokacin, don abu biyu suke canzawa cikinsa tare, wato wuri da lokaci.

Rubuta tambaya daban, amsa ta daban. Dalambar ya samo amsar, kuma amsar ta ba mutane mamaki don sauƙinta. Ya nuna cewa duk motsin da igiya take yi, siffa biyu ne suke tafiya a kanta. Ɗaya ta nufi dama, ɗaya ta nufi hagu. Gudunsu ɗaya. Kowace tana tafiya ba ta canza kama. In sun gamu sai su haɗu, su ratsa juna, kowace ta wuce abinta. Abin da ido yake gani jimlarsu ce. Igiyar kanta ba ta zuwa ko'ina, sama da ƙasa kawai take yi. Siffar ce take tafiya, kamar yadda iska take bi ta kan gonar hatsi, karan yana nan inda aka shuka shi.

To, waɗanne siffofi ne biyun? Daidaiton shi kaɗai ba ya faɗa. Sai an san halin farko, wato abu biyu: siffar igiya a lokacin da aka sake ta, da gudun kowane yanki nata a wannan lokaci. In an ba ka waɗannan biyu, ka san inda kowane yanki zai kasance a kowane lokaci na gaba.

6. Mu lissafa tare

A ce igiyarmu mitir 40 ce. Mun sa mata alama da gawayi a kowane mitir, daga 0 har 40. A ce siffa tana gudun mitir 10 cikin daƙiƙa ɗaya a kanta. Yara biyu suka riƙe igiyar a alama ta 19 da ta 21. Na uku ya ɗaga alama ta 20 har santimitir 40. Igiya ta yi tozo a tsakiya, sauran duk tana kwance a layinta. Suka saki gaba ɗaya. Wannan shi ne halin farko: tozo guda, ba gudu.

Ga ƙa'idar. Ka zaɓi wuri da lokaci. Ka buga gudu sau lokaci, ka sami nisa. Daga wurin da ka zaɓa, ka koma hagu da wannan nisa, ka duba tashin igiya a can tun farko. Ka koma dama da wannan nisa, ka duba. Ka haɗa biyun, ka raba biyu.

Alama ta 30, bayan daƙiƙa 1. Nisa: 10 × 1 = 10. Hagu ita ce alama ta 20, tashinta na farko 40. Dama ita ce alama ta 40, tashinta 0. Jimla 40, rabi 20. Igiya ta tashi santimitir 20 a alama ta 30.

Alama ta 10, bayan daƙiƙa 1. Hagu alama ta 0, tashi 0. Dama alama ta 20, tashi 40. Amsa 20.

Alama ta 20, bayan daƙiƙa 1. Hagu alama ta 10, tashi 0. Dama alama ta 30, tashi 0. Amsa 0.

Kun gani? Tozon ya rabu biyu. Rabi ya tafi dama, rabi ya tafi hagu, tsakiya ta kwanta.

Yanzu mu canza halin farko. Igiya tana miƙe, ba tozo. Aka buge ta daga ƙasa da faffaɗan katako, tsakanin alama ta 19 da ta 21. Wannan mitir 2 ya tashi da gudun mitir 3 cikin daƙiƙa. Ga ƙa'ida ta biyu. Ka nemo wuraren nan biyu na hagu da dama kamar dā. Ka raba gudun farko daidai wa daida a kan duk igiyar da ke tsakaninsu. Ka buga abin da ka samu sau lokaci.

Alama ta 20, bayan daƙiƙa 1. Daga 10 zuwa 30 mitir 20 ke nan. Mitir 2 kaɗai suka sami gudu: 2 × 3 = 6. A raba 6 gida 20, an sami 0,3. Sau daƙiƙa 1, mitir 0,3, wato santimitir 30. In kuka gwada da rabin daƙiƙa, 30 za ku sake samu. Ashe igiyar da aka buga tana tashi ta tsaya, tudun yana ta faɗaɗa hagu da dama. In akwai tozo kuma akwai bugu, sai a haɗa amsoshin biyu.

Igiya ɗaya, daidaito ɗaya, amma halin farko biyu sun ba da motsi biyu. Shi ya sa tsirkiyar da aka ja da wadda aka buga ba su da daɗin murya iri ɗaya.

7. Inda murya take fitowa

Me zai faru in tozo ya kai ga itace? Ƙarshen igiya a ɗaure yake, ba ya motsi. Sai tozon ya komo baya a kife, ya zama kwari. A misalinmu na fari, bayan daƙiƙa 2 rabin biyu sun kai itatuwa. Bayan daƙiƙa 4 sun gamu a tsakiya a kife, igiya ta yi ƙasa da santimitir 40. Bayan daƙiƙa 8 sun sake gamuwa a tsakiya, tozon farko ya komo yadda yake. Kowane rabi ya yi tafiyar mitir 80, wato tsawon igiya sau biyu. Daga nan abin ya sake daga farko.

Haka yake ga gurumi. A ce tsirkiya santimitir 50 ce, siffa tana gudun mitir 200 cikin daƙiƙa a kanta. Zuwa da komowa mitir 1 ne. Tsirkiya za ta kaɗa sau 200 cikin daƙiƙa. In makaɗi ya danne ta a tsakiya, hanya ta ragu da rabi, ta kaɗa sau 400, murya ta siranta. In ya ƙara ɗauri, siffa ta ƙara gudu, murya ta ƙara siranta. Abin da Marsan ya auna da hannu, ga shi ya fito daga cikin lissafi.

Ku riƙe abu ɗaya. Lissafin nan na motsi ƙarami ne, kuma bai sa iska da gogayya ciki ba. Igiyar gaske tana gajiya, tozon yana raguwa har ya ɓace.

Dalambar ya aika aikin nan Barlin a 1747, yana kusan shekara 30. An buga shi a 1749.

8. Gardamar masana

Wani babban masani ɗan ƙasar Suwis, Oilar, yana zaune a Barlin. Ya karanta aikin, ya yarda da siffofin biyu, ya kuma rubuta nasa a 1748. Amma suka saɓa a kan halin farko. In yatsa ya ja tsirkiya, takan yi layi biyu miƙaƙƙu da kusurwa a tsakani, kamar gwiwar hannu. A ganin Dalambar, lissafinsa ba ya aiki sai siffar farko tana da santsi, ba kusurwa, kuma ana iya rubuta ta da ƙa'ida guda. A ganin Oilar, duk siffar da hannu zai iya zanawa ta halatta.

A 1753 wani ɗan Suwis, Daniyel Barnuli, ya shigo da ra'ayi na uku. Ya lura cewa tsirkiya tana fitar da muryoyi da yawa a lokaci guda: ta kaɗa gaba ɗayanta, ta kaɗa rabi-rabi, ta kaɗa kashi uku-uku. A ganinsa kowane motsi jimlar waɗannan ne. Dalambar da Oilar duka suka ƙi. A 1759 wani saurayi ɗan shekara 23 daga birnin Turin, Lagaranj, ya sa baki shi ma. Aka yi shekaru ana ta rubuce-rubuce, kowa ya kafe kan nasa.

Dalambar bai ga ƙarshen gardamar ba. Sai bayan aikin wani Bafaranshe, Furiye, a 1807 da 1822, da na waɗanda suka biyo shi, aka gane cewa kowa yana da rabonsa na gaskiya. Oilar ya yi daidai a kan kusurwa. Barnuli ya yi daidai a kan muryoyi. Siffofin Dalambar biyu kuma suna nan daram. Shi dai ya ƙuntata wa lissafinsa fiye da kima.

Ba nan kaɗai ya yi kuskure ba. A 1754 ya yi tambaya: in aka jefa kuɗi sama sau biyu, mene ne rabon a ga fuskarsa ko sau ɗaya? Ya amsa biyu cikin uku. Ku ɗauki dala ku ƙirga: fuska da fuska, fuska da baya, baya da fuska, baya da baya. Amsar uku ce cikin huɗu. Gwani ma yakan yi tuntuɓe.

9. Babban kundin sani

Dalambar bai tsaya ga lissafi kaɗai ba. Shi da abokinsa Didaro suka shugabanci wani babban aiki, wato tara dukan sanin zamaninsu cikin littafi ɗaya, daga ilimin taurari har saƙa da ƙira da jima. Sunansa Ansikulofedi. Juzu'i na fari ya fito a 1751, Dalambar ne ya rubuta gabatarwarsa. Ya rubuta babi fiye da 1000 a ciki. Da aka gama a 1772, an sami juzu'i 17 na rubutu da 11 na zane.

A 1754 aka zaɓe shi cikin Majalisar Harshen Faransanci. A wannan shekara ce aka haifi Shehu Usumanu ɗan Fodiyo a Maratta, kusa da Galmi, nan jihar Tawa.

Kundin ya jawo fitina. Manyan malaman kirista da waɗansu fadawan sarki suka ga yana taɓa ikonsu. Wani babi da Dalambar ya rubuta a 1757 a kan birnin Janeba ya ƙara hura wutar. A 1759 hukuma ta hana littafin. Dalambar ya janye daga shugabanci, Didaro ya ci gaba a ɓoye har ya kammala.

Sarakuna sun neme shi. Sarkin Furusiya, Faradarik na biyu, ya roƙe shi ya zo ya shugabanci Majalisar Barlin. Ya ƙi, sai dai ya kai masa ziyara a 1763. A 1762 sarauniyar Rasha, Katarina ta biyu, ta nemi ya zo ya karantar da ɗanta, za ta biya shi libar 100 000 kowace shekara. Ku gwada da libar 1200 da ubansa ya bar masa. Nan ma ya ƙi. Ya fi son ƴancinsa da abokansa da ƙaramin ɗakinsa.

10. Tsufa da mutuwa

Ya zauna gidan Madam Ruso har 1765, yana da shekara kusan 48. A shekarar ya yi ciwo mai tsanani, likitoci suka ce ɗakin ba ya samun iska, dole ya tashi. Wata abokiyarsa, Juli Lesfinas, ta yi jinyarsa, ya koma gidan da take zaune. Bai yi aure ba. Bai kuwa yar da tsohuwar da ta rene shi ba. Ya ci gaba da zuwa gaishe ta, yana ɗaukar nauyinta har ƙarshen ranta.

Ya taimaki samari masu basira. Shi ya sa baki aka ba Lagaranj babban matsayi a Barlin a 1766. Da wani ɗan ƙauye, Laplas, ya zo Pari yana da shekara wajen 20, Dalambar ya gwada shi, ya ga ƙwazonsa, ya samo masa aikin koyarwa. Su biyun sun zama manyan masanan duniya. A 1772 Dalambar ya zama magatakardan Majalisar Harshen Faransanci. Juli ta mutu a 1776, ya yi baƙin ciki ƙwarai. Shi kuma ya mutu ran 29 ga watan Oktoba 1783, da ciwon mafitsara, yana da shekara kusan 66. Da yake bai bi koyarwar majami'a ba, aka binne shi cikin kabarin gama-gari, ba alama.

11. Abin da ya bari

Daidaiton da ya rubuta don tsirkiya ya wuce tsirkiya. Murya cikin iska irinsa take bi, da gudun mitir wajen 340 cikin daƙiƙa. In ka yi kira gaban dutse mai nisan mitir 170, kamar duwatsunmu na Adar, amsa-kuwwa za ta komo maka bayan daƙiƙa 1, kamar tozon da ya komo daga itace. A 1865 Makswel, mutumin Sikotilan, ya nuna cewa haske ma irin wannan daidaito yake bi, da gudun kilomitir 300 000 cikin daƙiƙa. Daga nan aka kai ga rediyo da wayar salula. Na'urar da take nuna jariri cikin cikin uwarsa a asibiti, murya take aikawa ta saurari komowarta. Masu neman man fetur ma haka suke yi: su girgiza ƙasa, su saurari abin da ya komo daga duwatsun ƙarƙashi. Yau akwai wani babban rami a bayan wata da aka sa wa sunan Dalambar.

Yara, a wurin igiya halin farko shi ne kome. Wanda ya san yadda aka sake ta ya san sauran. Wanda ya ga akwatin katako a ƙofar majami'a a 1717 kuwa, ba zai iya lissafa abin da jaririn zai zama ba. Mace guda ta riƙe shi, makaranta ta buɗe masa ƙofa, shi kuma ya dage. In akwai maraya ko ɗan riƙo a ajinku, ku tuna da wannan kafin ku yi masa gori.

Kalmomi

Tsirkiya: zaren da ake ɗaurawa a gurumi ko a baka. Da faransanci corde.
Kaɗawa mai tafiya: siffar da take bin igiya ko ruwa ko iska. Da faransanci onde.
Daidaito: layin lissafi mai nuna cewa abu biyu daidai suke. Da faransanci équation.
Halin farko: siffa da gudu a lokacin da motsi ya soma. Da faransanci conditions initiales.
Daƙiƙa: kashi ɗaya cikin 60 na minti. Da faransanci seconde.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka raɗa wa yaron suna Jan Laron?
2. Wa ya rene shi? Shekara nawa ya yi a gidanta?
3. Waɗanne abu biyu ne ake kira halin farko?
4. A kan me Dalambar da Oilar suka saɓa? Wa ya yi daidai?
5. Me ya sa ya ƙi kuɗin sarauniyar Rasha? Kai fa, me za ka yi?

Aiki

1. A igiyarmu mai tozon santimitir 40, nemo tashin alama ta 25 bayan rabin daƙiƙa.
2. Tsirkiya santimitir 40 ce, siffa tana gudun mitir 240 cikin daƙiƙa a kanta. Sau nawa take kaɗawa cikin daƙiƙa?
3. Ku aro igiyar guga, ku ɗaura ta a filin makaranta. Ku bugi gefe guda, ku ƙirga lokacin da tozo yake yi kafin ya komo. Ku ƙara ɗauri, ku sake ƙirgawa. Ku rubuta abin da kuka gani da hausa, sa'an nan da faransanci.